Geron Haulatu a Cikin Ginin Tarayya

Haulatu 'yar Malam Abdulmutallib mutuniyar Gidan Katta ce. A can aka haife ta, a can ta yi aure, a can kuma mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya ƙanana da ɗakuna masu yoyo. Doguwar mace ce siririya, mai ƙaramar murya, wadda ba ta saurin magana kuma ba ta janye wadda ta riga ta yi. Sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Na daɗe ina sayen mai a hannunta, tun zamanin da nake koyarwa a garin, kuma ban taɓa buɗe kwalbarta na tarar da gauraye ba. Ba ta taɓa shiga aji ba. Karatunta na allo ne, ta kai inda ta kai, aure ya ɗauke ta.

Abin da ya fi komai daraja a hannunta gona ce. Da aka raba gadon mahaifinsu, 'yan'uwanta maza suka ɗauki fadamar da ke kusa da gari, ita kuma aka nuna mata wata jigawa can arewa, dab da iyaka, inda idan mutum ya tsaya a ƙarƙashin gawon da ke tsakiyarta zai hango itatuwan ƙasar Nijar. Ƙasa ce da ta gaji, ba ta fid da komai sai ƙarangiya. Haulatu ba ta yi ƙorafi ba. Kowace kaka, da zarar ta kwashe ɗan abin da Allah ya ba ta, sai ta aika wa wani Bafulatani mai suna Maliki ya zo ya sauka da shanunsa, su ci kara su bar mata taki. Ta yi ta haka shekara da shekaru har jigawar ta farfaɗo, ta zama gonar da masu wucewa a kan babur suke rage gudu don su kalli geronta. Da wannan geron ta ciyar da marayunta, da shi ta aurar da matan cikinsu, da shi kuma ta saya wa autanta Maharazu babur ɗin da yake kabu-kabu da shi tsakanin Illela da ƙauyuka.

Akwai wata al'ada da ya wajaba a yi bayaninta a nan, domin a kanta duk abin da ya biyo baya ya rataya. A ƙasarmu ana aron fili kamar yadda ake aron turmi. Baƙo ya zo, mai gona ya nuna masa gefe, mai unguwa ya shaida, a ci goro, magana ta ƙare. Mai aro yana iya kafa rumfa, ya yi bukka, ya ɗaure dabba. Amma ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, ba ya aza tubali, domin waɗannan ayyukan mai wuri ne. Ba a kuma yanka masa ranar tashi, don yin haka wulaƙanci ne ga baƙo. Kowa ya san cewa idan bazara ta yi, aka fara sharar gona, mai aron rani yakan naɗe kayansa da kansa, ya zo ya yi godiya. Maliki bai taɓa jira an gaya masa ba.

Bara, da aka tsananta tsaron iyaka, bayan an gama kaka, wata tawagar jami'ai ta iso daga Abuja. Aikinsu su tare ƙananan hanyoyin da 'yan fasa-ƙwauri suke bi, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin ta gefen gonar Haulatu ta ratsa. Shugabansu wani mutumin Kano ne mai suna Mukhtar, mai fara'a da ladabi. Bai faɗa wa gonar kai tsaye ba. Ya je wurin mai unguwa Yari, Yari kuma ya kawo shi har gidan Haulatu, aka yi mata sallama, ta fito zaure hannunta duk mai.

"Inna, inuwar gawon nan naki muke roƙo," in ji Mukhtar bayan sun gaisa. "Mu kafa tanti, mu ajiye mota. Rana tana gasa mu a bakin hanya."

"Inuwa ta Allah ta, ɗana," in ji Haulatu. "Bana Maliki ya yi nisa da shanunai, hilin na nan ba kowa. Ku sauka. Amma ku mi za ku bar min? Shi dai taki shika bari."

Mukhtar ya yi dariya. "Mu sai dai mu bar miki tsaro, Inna."

"Tsaro? To, mu gani ko gero na cin shi."

Yari ya ɓara goro ya raba, aka yi addu'a, aka tashi. Ba wanda ya ambaci bazara. Haulatu da Yari ba su ambata ba saboda a wurinsu abu ne da ba ya bukatar faɗi. Mukhtar bai tambaya ba saboda bai san akwai abin tambaya ba. Ya koma ya sanar da manyansa cewa mutanen gari sun ba da wuri.

Duk tsawon ranin nan zaman lafiya aka yi. Ranar kasuwar Illela Haulatu takan aika musu da ƙuli-ƙuli, su kuma idan sun gan ta a hanya ɗauke da jarkar mai sukan rage mata tafiya a motarsu. Maharazu ne kaɗai yake gunaguni, domin tun da aka tare hanyar fasinjojinsa suka ragu.

"Inna, kin ɗauko muna masu hana mu cin abinci kin aje bisa gonarmu, kina kuma ba su ƙuli."

"Aikinsu na, kai ma yi naka," ta ce masa. "Baƙi na. In lokaci ya yi, su tashi."

Da zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas da la'asar, Haulatu ta ɗauki manjagara da ashana ta tafi sharar gona. Tun daga nesa ta hango abin da ya tsayar da ita. Motar yashi ta zube kayanta a inda take shuka wake. An haƙa dogon rami mai kusurwa huɗu wanda ya cinye tsakiyar gonar, har gawon yana ciki, magina suna ta jera bulo. A gefen hanya kuma an dasa 'ya'yan dogon yaro a jere, kowanne an kewaye shi da ƙaya, an ba shi ruwa. Ta gaya mini daga baya cewa bulon bai tayar mata da hankali kamar itatuwan ba. Gini ana rushe shi, amma wanda ya dasa itace a gonar wani ya sanar da jama'a ne cewa jikokinsa za su sha inuwar.

"Mukhtari!" ta yi kira daga inda take tsaye. "Mi nika gani haka?"

Ya fito daga tanti da murmushinsa. "Sannu da zuwa, Inna. Alheri ne. An amince a gina mana ofis na dindindin da ɗakunan kwana. Har rijiyar burtsatse za a haƙa, ku ma ku samu ruwa."

"Bisa gonar wa?"

"Ai ke kika ba mu, Inna. A gaban mai unguwa."

"Aro nib ba ku. Inuwa kunka roƙa, inuwa nib ba ku. Ga damana ta taho. Ina za ni shibka?"

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ina da yaƙinin cewa sai a wannan lokacin ya fahimci abin da ya faru a zauren nan. Ya dubi magina, ya juyo gare ta.

"Wallahi, Inna, ban san haka abin yake a wurinku ba. Amma yanzu ya wuce hannuna, an riga an ba da kwangila daga sama. Kuma in gaya miki gaskiya, nan bakin iyaka ne. Ƙasar Gwamnatin Tarayya ce. Duk ƙasar nan ma tata ce. Idan tana bukata, ɗauka take yi."

"Sanda gonag ga ka hid da ƙarangiya, ina gwamnatin take?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta juya ta share gefen da ya rage, ta tara ciyayi ta ƙona, ta koma gida. Bayan 'yan kwanaki ɗan kwangila ya kewaye gonar gaba ɗaya da waya mai ƙaya, har gefen da ta share.

Mai unguwa Yari mutumin kirki ne, amma ya tsufa a kan ra'ayin cewa gwamnati aba ce guda ɗaya, mai kai a Abuja da ƙafafu a ko'ina, wadda ba a yi mata komai sai haƙuri. Ba shi kaɗai ba ne. Yawancinmu a kan haka muka taso. Shawararsa ita ce a tara dattawa, a sayi rago, a je a durƙusa wa babban jami'in shiyya, ko Allah zai sa a sakar mata gefen gabas.

"Yaya Haulatu, bari mu tahi mu ba su haƙuri."

"Haƙurin mi, ranka shi daɗe? Mi niy yi musu?"

"Ba ki yi komi ba. Amma manya sai da lallashi."

"In nid durƙusa ina roƙon gehen gabas, to na yarda yamma tasu ta. Ba ni zuwa, kuma kar a kai rago da sunana. Kai dai da kaɓ ɓara goro, in an tambaye ka, ka hwaɗi abin da kag gani."

Yari ya juya sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Wannan kam ina hwaɗi, ko gaban wa."

A makon nan aka yi suna a unguwar, kuma cikin waɗanda suka zo daga Sakkwato har da Shafa'atu, 'yar ƙanen Haulatu, wadda take aikin lauya. Bayan an watse ta shiga gaishe da gwaggonta, ta tarar da ita tana mulmula ƙuli a tsakar gida. Haulatu ba ta yi wata shimfiɗar magana ba. Ta ce tana son a kai jami'an nan ƙara, a tashe su daga iyaka baki ɗaya, a buɗe hanya, Maharazu ya koma aikinsa.

"Wannan kam ba za ki samu ba, Gwaggo," in ji Shafa'atu. "Tsaron iyaka nasu ne. Ba alƙalin da zai ce su bar shi don babur ɗin Maharazu."

"To ashe gaskiya yaron yah hwaɗi."

"Rabinta ya faɗa. Iyaka tasu ce, ƙasar gona ba tasu ba ce."

Haulatu ta ajiye ƙulin da ke hannunta. "Zamna da kyau, ɗiyata. Maimaita."

Abin da Shafa'atu ta warware mata a yinin nan ya cancanci a rubuta shi a sarari. Tsarin mulkin ƙasar nan bai miƙa wa Gwamnatin Tarayya komai da komai ba. Ya ware mata abubuwan da ita kaɗai take da iko a kansu, kamar tsaron ƙasa, da shige da fice, da harajin kayan da ke ƙetare iyaka. Ya ware waɗansu da take tarayya da jihohi a cikinsu, abin da ya saura kuma ya bar wa jihohi, har ya ambaci kasuwa da maƙabarta da mahauta a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ƙasa kuwa, dokar da tsarin mulkin ya rungume ta damƙa ta amana a hannun gwamnan kowace jiha saboda jama'a, gonakin karkara kuma ƙaramar hukuma ce take kula da haƙƙin masu su. Idan Tarayya tana son fili don amfanin jama'a, ba da bulo take farawa ba. Sai ta bi ta hannun jiha, a sanar da mai wuri, a soke haƙƙinsa bisa ƙa'ida, a biya shi diyya, a kuma bar masa ƙofar kotu a buɗe. Kotun ma ba 'yar aiken masu zartarwa ba ce. Tsarin mulki ya ba ta nata ikon dabam, har tana iya ce wa jami'in da ke riƙe da bindiga ya dakata.

Haulatu ta saurara ba ta katse ta ba. Da Shafa'atu ta gama sai Haulatu ta ce, "Ashe su ma rabon gado anka yi musu. Kowa da gehenai."

Shafa'atu ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Shekarun da na yi a jami'a ba wanda ya faɗa mini haka. Amma ki ji sauran, Gwaggo, kada in yaudare ki. Idan suka koma suka biyo ta ƙofa yadda doka ta ce, suna iya karɓar gonar, su biya ki. Dokar ba ta ce ba za a taɓa ki ba. Cewa ta yi ba za a fizge ba."

"Su biyo ta ƙohwa in gani. Yanzu dai ta katanga sunka shigo."

"To zan shigar da ƙara. Sharaɗi ɗaya: kada ki taɓa bulo ko ɗaya, kada ki tuge itacen nan, kada ki yanke waya. Ranar da kika yi, kin ba su abin da za su riƙe ki da shi."

Wannan sharaɗin ya yi wa Haulatu nauyi fiye da komai, domin kullum ta bi ta gefen wayar sai ta ga 'ya'yan dogon yaron sun ƙara ganye. Amma ta riƙe hannunta.

Da labari ya bazu cewa Haulatu mai ƙuli ta kai ƙarar Gwamnatin Tarayya, gari ya rabu. Matan da suke haɗuwa da ita a wurin niƙa suka laƙaba mata suna, idan ta shigo sai su ce, "A ba da hanya, ga mai shari'a da Abuja." Ita kuma ta ce, "Ku matsa dai, kar Abuja ta take ku." Waɗansu masu sayen manta suka koma wurin wata, wai kada a gan su a ƙofar gidanta. 'Yan'uwanta maza suka aiko mata da cewa za su ba ta 'yan kunyoyi a fadamarsu ta shuka, ta rufa wa kanta asiri. Ta yi musu godiya, ta ce tana da gona. Maharazu kuwa tsoro ne ya kama shi sosai.

"Inna, babur ɗina za su kama. Kullum ta gabansu nika wucewa."

"Takardunka sun cika?"

"Sun cika."

"Kana ɗaukar kayan da anka hana?"

"A'a."

"To tahi aikinka, ka gaishe su in ka wuce."

Ruwan shuka na farko ya sauka tun ba a saurari ƙarar ba. Da gari ya waye duk Gidan Katta ta fita, maza da sungumi, mata da ƙoren iri, ƙasa tana ƙamshi. Haulatu ma ta ɗauki irinta ta tafi, mai gadin ƙofar waya ya ce ba a ba shi izinin barin kowa ya shiga ba. Ta tsaya tana kallon gonarta ta jiƙe sharkaf, ginin ya kai ƙugu, sa'an nan ta dawo da irin gida ba ta zubar da ko ƙwaya ba. Kowane manomi ya san abin da wannan yake nufi. Wanda ya rasa ruwan farko yana iya kamawa da na biyu; wanda ya rasa na biyu kuwa kara zai girbe, ba hatsi ba. Bayan wannan, gonar da damina ta wuce ba a shuka ta ba, ga ginin wani a tsakiyarta, to a idon jama'a ta riga ta sauya mai ita, ko da alƙali zai ce wani abu daga baya.

Ranar zaman kotu Haulatu ta shiga motar Sakkwato tun da sassafe tare da Yari, wanda ya sa babbar rigarsa ta salla. A gaban alƙali kuwa bakinsa ya buɗe. Ya bayyana yadda ake aron fili, da abin da mai aro yake yi da wanda ba ya yi, ya ce shi ya ɓara goro da hannunsa kuma a kan inuwa ya ɓara shi. Lauyan jami'an ya tashi ya yi dogon bayani a kan muhimmancin tsaron iyaka da ɓarnar fasa-ƙwauri. Alƙali ya ce duk ya yarda, kuma ba wanda ya zo ya hana su aikinsu. Sa'an nan ya tambaya ko jiha ta soke haƙƙin matar nan a kan gonar, ko an sanar da ita, ko an yi maganar diyya. Lauyan ya nemi a ba shi lokaci ya bincika.

Alƙali ya dubi Haulatu ya tambaye ta da Hausa, "Baba, ke me kike so yanzu?"

"In shibka, ranka shi daɗe."

Ya ba da umarni a dakatar da gini, kuma kada a hana ta noma gonarta har sai an yanke hukunci. Aka kai wa Mukhtar umarnin hannu da hannu. Magina suka kwashe cokulansu suka tafi, suka bar bango ya kai ƙirji, ba rufi, ba daɓe, ƙasan ɗakunan yashin gonar ne yadda yake. Sai kuma ruwa ya ɗauke. Geron maƙwabta ya tsiro ya fara lanƙwasa don ƙishi, Haulatu tana fita tsakar gida tana duban gabas kamar kowa, sai dai ita abin da take jira ya fi nasu.

Da ruwan ya dawo, ya zo da ƙarfi. Washegari da hantsi ta fito, Maharazu a gaba da sungumi, 'ya'yanta mata biyu da suka zo daga gidajen mazansu suna biye da ƙoren iri, Yari kuma yana can baya yana dogara sanda. Mutane suka bar gonakinsu suka taru nesa kaɗan, ba wanda ya matso. Mukhtar da kansa ya buɗe ƙofar wayar.

"Bismillah, Inna. Kotu ta yi magana."

Suka fara daga gabas. Maharazu yana sara, matan suna jefa iri suna rufewa da diddige, layi bayan layi, har suka kewaye ginin ta ko'ina. Rana ta ɗaga. 'Yan kallo suka ɗauka an gama, waɗansu har sun juya. Sai Haulatu ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi gurbin da aka bari don ƙofar ofis.

Mukhtar ya sha gabanta. "Inna, nan kuma ciki ne. Ofis ne."

"Ohis ba ruhi? Ga gawona can ciki, ina ganin shi."

"Don Allah, Inna. Kin samu kewaye duka. Ki bar mana wannan, kada ki ja mini magana."

"Alƙali cewa yay yi gonata. Bai ce gonata ban da tsakiya ba. Kuma tsakiyag ga ta hi ko'ina taki, nan shanu ka kwana. Matsa, ɗana."

Bai matsa ba. Ya zaro wayarsa ya kira wani babba, ya koma gefe kaɗan, amma muryar da ke fitowa daga wayar har 'yan kallo suna jin tsawarta. Jami'ai biyu suka zo suka tsaya a bakin gurbin, bindigoginsu a rataye. Haulatu ta tsaya a gabansu, ƙwarya a ƙugu, su kuwa ba su iya dubanta ba, domin ƙulinta suka ci duk rani. Aka ji Mukhtar yana cewa, "Na ji, yallaɓai. Amma ni aka miƙa wa umarnin, ni ne a nan. Idan na hana ta, ni alƙali zai kira." Tsawar ta ƙara tashi. Ya saurara har ta ƙare, ya ce, "To a kawo mini wani umarnin daga kotu, yallaɓai, in bi shi." Ya kashe wayar. Ya ɗaga wa mutanensa hannu, suka ja baya.

"Shiga, Maharazu," in ji Haulatu.

Maharazu ya tsaya a bakin gurbin, sungumi a hannunsa. Ya dubi bindigogin, ya dubi uwarsa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta miƙa masa ƙwaryar, ta karɓi sungumin, ta tsallaka ciki, ta ce bismillahi, ta kai sara na farko a tsakiyar ɗakin gaba. Ya biyo ta yana jefa iri.

Suka bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ba su taɓa bulo ba, sai dai sun kai shuka har gindin bango. Da suka shiga na ƙurya, wanda ya fi sauran girma, ɗaya daga cikin jami'an ya kasa daurewa ya leƙo ta saman bangon.

"Inna, nan fa ɗakin oga ne."

"Madalla. Bana oga shi ci tuwon gero."

Dariya ta ɓarke, har daga cikin jami'an. 'Yan kallo suka matso bakin waya, wata daga cikin matan wurin niƙa ta rangaɗa guɗa. Yari ya zauna a kan tulin yashi yana share fuska da hannun riga. Da suka fito, Haulatu ta tsaya a gaban Mukhtar.

"Ba ni da hwaɗa da kai, ɗana. Ku tsare iyakarku. Tantinku ma ku mai da shi bakin hanya, ban hana ba. Amma motag ga kar ta taka min shibka."

"Ba za ta taka ba, Inna."

Kafin la'asar aka janye motar da tantin zuwa gefen hanya. Geron ya tsiro a ko'ina, amma na cikin ɗakunan ya fi na waje kyau, domin bango ya kare shi daga iska da awaki, har ganyensa ya fara leƙowa ta gurbin tagogi. Masu wucewa suna tsayawa su ɗauki hotonsa da waya.

Shari'ar tana nan ba a gama ba, kuma Shafa'atu ba ta ɓoye wa Haulatu cewa har yanzu ana iya rasa gonar ba. A zaman da ya gabata lauyan jami'an ya sake neman lokaci, aka ɗaga ƙarar zuwa bayan kaka. Da aka kawo wa Haulatu labari, tana duƙe da fartanya a ɗakin ƙurya, ta ce hakan ya yi mata daidai, domin kafin nan ba ta da sukunin zuwa Sakkwato; noma yana gabanta.